Ƙugiyar cire kaska da ruwan feshin tufafi: damina guda da na yi da su a daji

Kaskar da ta kai ni shagon da na sayi kayan nan ban ga shigarta ba. Ƙarshen watan Yuni ne, muna sharar layi tsakanin malainar da muka dasa bara, ciyawa ta kai gwiwa, ga shanu sun kwana biyu suna ratsa gefen gonar saboda ruwa ya cinye burtali. Na naɗe wando zan yi alwalar azahar sai hannuna ya taɓa wani abu kamar ƙwayar wake a sha-raɓata, dab da lanƙwasar gwiwa. Ta riga ta kafa kai. Ɗaya daga cikin yaran aiki ya ce, "Oga, wannan ai ba wani abu ba ne." Ya ƙyasta ashana ya hure, ya ɗana mata kan mai zafi. Ta ƙi saki. Ya ɗiga mata kananzir, muka jira, shiru. Daga ƙarshe ya sa farce ya fizge ta. Jikin ya fito, bakin ya tsaya a cikin nama. Muka yi salla muka koma bakin aiki.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina aikin itace. A kwalejin gandun daji ta Afaka da ke Mando na yi karatu, yanzu kuma ina kula da gonar itatuwa ta wani bawan Allah a hanyar Kaciya, in ka wuce Kujama: malaina da tik da turare, da ma'aikata daga tara zuwa ashirin gwargwadon lokaci. A tsawon shekarun nan abin da nake jan kunnen yara a kai shi ne maciji da kaifin adda da kiyashin da ke zubowa daga reshe, sai kuma abin da kowa ya sani game da dazuzzukan jihar nan a 'yan shekarun nan. Kaska kuwa ban taɓa sa ta a lissafi ba. Na ɗauke ta matsalar shanu da karnuka.

Kwana shida bayan nan zazzaɓi ya rufe ni. Kai na sara, wuya ya sage, gaɓoɓi kamar an daka su a turmi. Kamar kowane ɗan Kaduna a tsakiyar damina, na ce maleriya ce, na aika aka sayo mini magani a kemis. Na shanye na kwana uku cur, babu sauƙi. Sai ga kaluluwa ta fito mini a matsematsi, wurin cizon kuma ya yi baƙin ɓawo kamar an ɗana mini wutar taba, gefensa ja. Da uwargida ta matsa, na je asibiti. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Likitar, wata yarinya da ba za ta girmi ƙanwata ta biyu ba, ta ce, "Malam, wane aiki kake yi?" Ina faɗa mata ta ce in ɗaga wando. Tana ganin baƙin ɓawon nan ta gyaɗa kai. Zazzaɓin cizon kaska ne, in ji ta, wata ƙwayar cuta ce da ake kira Rickettsia africae, kuma maganin maleriya ko buhu na sha ba ruwansa da ita. Ta rubuta mini doksisaikilin na mako guda. A rana ta uku na tashi na nemi tuwo.

To wannan ne ya sa na shiga neman abin kariya, har wani abokin aikina ya kwatanta mini shagon da zan yi magana a kai. Yana layin masu sayar da magungunan dabbobi da abincin kaji, ba nisa da babbar kasuwa. Ba zan kama sunansa ba, don akwai yabo akwai kuma suka a cikin abin da zan faɗa.

Zuwana na farko, yaron shago kaɗai na tarar, yana danna waya. Na ce ina neman maganin kaska na mutum, ga irin aikin da nake yi. Ko ɗagowa bai yi sosai ba, ya miƙa hannu bayansa ya sauko da wata kwalba. "Yallaɓai ga wannan, Fulani shi suke saya. Murfi ɗaya a bokiti, ka yi wanka da shi kafin ka shiga daji." Na juya kwalbar na karanta: amitaras ne, maganin wankan shanu, ga hoton sa ɓaro-ɓaro a jiki. Na ce wannan ai na dabba ne. Ya ce, "Abin da ya kashe kaskar sa ai zai kashe ta mutum." Har ya ƙara da cewa in ina so in haɗa da fiya-fiya in riƙa zubawa a cikin takalmi. Allah ya sa shekarun da na yi ina goya injin feshi sun koya mini karanta jikin kwalba kafin in buɗe ta. Amitaras in ya shiga jikin mutum yana kawo magagi, ya rage bugun zuciya, ya saukar da jini, ya danne numfashi. Fiya-fiya kuwa ba sai na gaya wa kowa ba, a unguwanninmu mun ga abin da ta yi. Na ajiye masa kwalbarsa na fita. Abin da ya tsaya mini a rai a hanya shi ne, da ɗaya daga cikin leburorina ne ya je, da ya saya, kuma da ya yi wankan.

Na so in haƙura da shagon, amma abokin nawa ya ce in koma da safe lokacin da mai shagon take nan. Likitar dabbobi ce, babbar mace, mai magana a tsanake. Da na ba ta labarin abin da yaronta ya ce, ba ta kare shi ba. A gabana ta kira shi ta yi masa tatas, sannan ta jawo mini kujera. Kusan rabin awa ta ba ni, alhali akwai masu jiran abincin kaji a tsaye. Ta tambaye ni kamannin kaskar da ta cije ni, da irin ciyawar wurin, da ko shanu na bi. Sannan ta buɗe wata durowa ta ɗauko ɗan fakiti.

"Malam, wannan don masu karnuka na Barnawa da Malali nake kawo shi, amma a jikin mutum ma haka yake aiki."

"Dakta, wannan ɗan abin?"

"Shi fa. Kai shi daji ka dawo ka ba ni labari."

Ƙugiya biyu ce a fakitin, ta roba, koriya, babba da ƙarama. Babbar ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. In ka san bayan gudumar kafinta, wurin nan mai tsaga da yake zare ƙusa da shi, to ka san siffarta, sai dai an ƙanƙanta ta. Kuɗin fakitin bai kai na mudun shinkafa ba. Yadda ake aiki da ita: ka kwantar da tsagar a kan fata, ka turo ta daga gefe har bakin kaskar ya shige cikin tsagar, ka ɗan ɗaga kaɗan, sannan ka murza ƙotar tsakanin babban yatsa da manuni kamar mai murza mazari. Juyi biyu ko uku sai ka ji ta saki. Hikimar abin ita ce ba ka matse cikin kaskar ba. Dakta ta ce duk abin da muke yi mata na wuta da kananzir da man shafawa ɓata lokaci ne, kuma takura mata na iya sa ta ƙara zuba yawunta a cikin jiki, alhali a cikin yawun nan cutar take. Wanda ke da matsefata mai siririn baki ma zai iya, in ya kama ta dab da fata ya ja a hankali ba tare da fizga ba. Amma wa ke da nutsuwar hannu irin wannan da azahar, gumi na zuba a ido?

Gwajin farko a hammatar wani yarona aka yi shi, cikin watan Yuli. Da farko ƙi ya yi. Ya ga hoton kare da kyanwa a jikin kwalin. "Oga, abin kare za ka sa mini?" Sai da na rantse masa cewa ƙugiyar nan tun da aka ƙera ta ba ta taɓa ganin kare ba, sannan ya ɗaga hannu. Babbar kaska ce, namiji, irin mai zanen nan a baya kamar an yi mata ado da ruwan tagulla da ja, ƙafafunta da zobe-zobe fari da ruwan ƙasa. Na tura tsagar, na murza. A juyi na uku ta fito, bakinta dogo cif, ba abin da ya karye, har da ɗan farin abu maƙale a tsininsa, ƙafafu takwas suna ta tafiya a iska. Yaron ya ce bai ji komai ba. Na jefa ta a wata 'yar kwalba mai sifirit, na wanke masa wurin da sabulu, na goge da sifirit, na rubuta ranar a littafin aiki. Wannan rubutun Dakta ce ta ce in riƙa yi, don in zazzaɓi ya zo cikin mako biyu a san abin da za a gaya wa likita tun kafin a ɓata kwana uku ana shan maganin maleriya.

Daga lokacin zuwa ƙarshen damina mun cire sun haura ashirin da ita. Sau biyu kacal bakin ya karye a ciki, kuma duka biyun wani ne ya fara taɓa ta da farce kafin a kira ni. A wannan fannin kwalliya ta biya kuɗin sabulu, har da canji.

Amma wanda ya zaɓa mata launin kore bai taɓa aiki a daji ba. Sati na biyu ƙaramar ta suɓuce daga hannuna ta faɗa cikin tofa, mu huɗu muka durƙusa muna lalube, har yau ba a gan ta ba. Babbar ma da ta bi ta, ba don na dafa allura na huda ƙotar na zura mata jan zare na rataya a wuya ba. Sannan in kaskar tana ƙeya ko tsakiyar baya, sai ka nemi wani ya yi maka. Bayanin da ke jikin kwalin kuma da Turanci da Faransanci ne, ba abin da ya shafi mutumin da ya tsaya a allo.

Akwai wani dattijon Bafulatani da rugarsu ke bayan gonarmu, Baffa muke ce masa. Shi ya koya mini cewa kaska ba iri ɗaya ba ce tun kafin in ga sunayenta a rubuce. Babbar nan mai zane, wadda masana ke kira Amblyomma variegatum, su koti suke ce mata. Ƙananan da ke cika wuya da kunnen sa kuma miri. Koti ce abokiyar gabarsu: tana lalata hantsar saniya har nono ya toshe, kuma inda ta yawaita kirci, ciwon fatar nan na shanu, na biyo baya. Ita ce dai mai ɗauke da ƙwayar da ta kwantar da ni. Manyanta da farkon damina suke fitowa, kuma ba irin mai zama a kan ciyawa tana jiran rabo ba ce kawai. In ta ji numfashin dabba ko mutum, takowa take yi. Ba banza aka yi mata kirari da raɓi mai jini ba.

Da Baffa ya ga ƙugiyata dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce su da hannu suka gada. Gaskiyarsa, da sassafe lokacin tatsa za ka ga mata da yara suna bin shanu suna tsinke koti suna jefawa a wuta. Sai dai na kalli yatsun jikokinsa, duk jini, wata ma a tsakanin farce suke fasa ta. Wannan ne ya tuna mini da abin da Dakta ta fi jaddada mini, cewa kada in kuskura in murƙushe kaska da hannu. Akwai wata mai dogayen ƙafafu masu zobe, mai gudun tsiya, da ke son maƙalewa a ƙarƙashin wutsiyar sa, Hyalomma. Ita ce ke yaɗa zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kongo, wanda aka fara ganewa a Kirimiya a 1944, aka sake samun ƙwayarsa a Kongo a 1956, sai a 1969 aka tabbatar abu ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda ya kama, daga kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari ba sa tashi. Dabbar da ke ɗauke da shi ba ta nuna alamar ciwo, amma jininta da jinin kaskar da ta sha daga gare ta suna iya harbin mutum, shi ya sa makiyaya da mahauta suka fi kowa shiga haɗari. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tun shekarun 1960 masu bincike a Ibadan suka samu ƙwayar a jikin kaska da dabbobi. A can ne ma a 1964 suka ciro wata ƙwayar daga jikin koti suka laƙaba mata sunan unguwar Dugbe. Ban tsaya yi wa Baffa wannan dogon bayani ba. Miƙa masa ƙugiyar na yi ya gwada a hantsar wata saniya da ba ta yarda a taɓa ta. Ya murza, kotin ta fito, saniyar ko motsi ba ta yi ba. Ya daɗe yana juya abin a tafinsa.

Sai ruwan feshin. Shi Dakta ba ta ajiye shi a shago, daga Legas ta sa aka kawo. Na ba da rabin kuɗi, aka ce kwana biyar, sai da ya yi goma sha ɗaya, kuma ni nake kira ba su ke kirana ba. Sinadarinsa famitirin, wanda a jikin kwalba za ka ga an rubuta permethrin, kashi 0.5 cikin ɗari. Dangin maganin da ke jikin gidan sauro ne. Na tufafi ne zalla, ba a shafa shi a fata. Ranar Asabar da yamma na rataye wando da riga da safa a igiya a waje, cikin inuwa, na feshe su gaba da baya har suka yi danshi ba tare da suna ɗiga ba, na fi ba da ƙarfi a bakin ƙafar wando da ƙugu da safa. Bayan awa uku zuwa huɗu sun bushe, kuma da bushewar warin ya tafi gaba ɗaya.

Ranar Litinin na ga aikinsa da idona. Ina tsaye a cikin gamba ina auna tazarar dashe, sai na hangi wata kaska ta kama ƙafar wandona ta fara hawa. Na hana kaina kaɗe ta, na tsaya ina kallo. Ta hau kamar taƙi ɗaya lafiya lau. Daga nan ta fara ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya kamar yaron da ya taka rairayi da tsakar ranar bazara, ta juya gefe, ta rasa inda za ta, sai ta saki ta faɗa kan takalmina tana birgima. Na kira yara biyu suka gani, don kada a ce ƙari na yi. Tsawon sati huɗu ban sami ko ɗaya a jikina ba, alhali a wuri ɗaya muke aiki da waɗanda nake cire wa da ƙugiya.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Kwalbar ta ce maganin na riƙe wanki shida ko sati shida. Wanda ya rubuta haka bai san wankinmu ba, na hannu da burushi da jiƙo, a shanya a ranar Kaduna har ƙyalle ya ƙame. Dole na roƙi uwargida ta riƙa ware kayan, ta wanke su a hankali, ta shanya a inuwa. Ta ce, "Wato yanzu wandon daji ya fi shaddar Juma'a gata." Duk da haka a sati na biyar na kama wata tana yawo a ƙuguna hankalinta kwance. Wannan ya yi daidai da wani bincike da aka buga a 2014, wanda aka yi kan ma'aikatan gandun daji da na wuraren shaƙatawa da na namun daji a jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Su nasu kayan aikin a masana'anta aka jiƙa su da maganin, irin wanda ya fi feshin gida daɗewa nesa ba kusa ba, amma cizon kaska da ya ragu da kashi 82 cikin ɗari a shekarar farko, a ta biyu kashi 34 kaɗai ya ragu. In nasu ya sane haka, ina ga nawa na igiya.

Ga kuma sharuɗɗa. Muna da kyanwa a gida, kuma maganin nan guba ne gare ta matuƙar bai bushe ba, sai da aka kulle ta a ɗaki. Kifi ma yana kashe shi, don haka ruwan wankin ba ya zuwa kusa da tankin tarwaɗar maƙwabcina, ba kuma a wanke kayan a rafin da muke ɗibar ruwan ban itatuwa. Kan feshin ya toshe tun kwalbar na rabi. Na koma shagon, Dakta ta ce ba za ta iya canza mini ba tunda oda ce, amma ta ba ni wata kwalbar feshi sabuwa kyauta, irin ta masu aski, na juye a ciki.

Abin da ya ba ni dariya shi ne rubutun jikin kwalbar, daga sama har ƙasa maganar cutar Laim yake yi. Wannan cuta ta Amurka da Turai ce, sunan wani gari ne a jihar Kanetikat inda aka lura da ita a 1975, kuma wata irin kaska ce dabam ke yaɗa ta, ta dazuzzukan ƙasashen sanyi. Haka wani tsohon ɗan ajinmu ya turo a zaurenmu na WhatsApp cewa a Ostiriya da Jamus ana yi wa ma'aikatan daji allurar rigakafin kaska, yana tambayar inda za a same ta a Kaduna. Allurar tana nan da gaske, Ostiriya ma tun 1981 take yi wa jama'arta gaba ɗaya, amma ta wata cutar kumburin ƙwaƙwalwa ce da ke Turai da sassan Asiya. Ko ka yi ta, ba za ta tare maka abin da koti ke ɗauke da shi ba. Ita dai kaskarmu ba ta karanta kwalba, maganin na kama ta kamar yadda yake kama tasu.

Babbar matsalar feshin ita ce kuɗi. Kwalba ɗaya ta kusa cinye ladan lebura na mako guda, kuma kaya saiti huɗu kaɗai take isa, sau ɗaya tak. Mai ma'aikata ashirin ya yi lissafi. Daga baya dabarar da na yi ita ce na daina fesa riga, na tsaya a safa da ƙafar wando daga gwiwa zuwa ƙasa, tunda ta nan take hawowa, da haka ragowar ta kai mu mu shida. Yara sun kawo shawarar mu dama saifamitirin ɗin da muke fesa wa tsiro mu jiƙa wanduna a ciki, wai ai duk dangi ne. Na hana. Na gona an haɗa shi da ƙarfi da wasu sinadarai masu ƙona fata, duk wanda ya taɓa zubo masa a baya daga injin goyo ya san raɗaɗin.

Dakta ta haɗa mini da man shafawa na korar ƙwari mai sinadarin DEET kashi 30. A kan sauro ba laifi. Amma gumin mai sara da adda ba ya barin sa ya yi awa biyu, kuma ya cinye mini fuskar agogon roba har ba na ganin lokaci. Don kaska ba zan sake sayen sa ba.

Akwai abin da Dakta ta ba ni wanda ba ta karɓi ko kwabo a kansa ba, kuma shi ne ya fi wuyar sa mutane su yi. Cusa ƙafar wando cikin safa, a sa takalmin ruwa a kai, riga kuma a cusa ta a wando. A sa kaya masu haske don a gan ta tana hawa. Yara suka sa mini suna ɗan sandan Sarauniya, amma bayan na biyu a cikinsu ya kwanta da irin zazzaɓina, na ga safa ta fara hawa kan wanduna ba tare da na yi magana ba. Sai duba jiki kullum kafin magariba: hammata, cibiya, ƙugu, bayan gwiwa, bayan kunne, da matsematsi. Wurin nan na ƙarshe shi koti ta fi so, kuma shi ne wanda namiji zai kwana uku da ita bai faɗa wa kowa ba saboda kunya. Na sayi ɗan madubi na ajiye a bayan rumfar da muke canza kaya, ƙugiyar kuma in mutum ya ce in ara masa ba na tambayar ina za a kai ta, sai dai in ce a wanke ta da sifirit kafin a dawo da ita. Kayan aiki kuma ba sa shiga ɗaki, don kada in kai wa yara tsaraba.

Da kaka ta yi, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, muka shiga sharar layin tare gobara, a nan ƙugiyar ta gamu da abin da ya fi ƙarfinta. Lokacin ne 'ya'yan kaska ke ƙyanƙyashewa su taru cunkus a bakin ciyawa. Ka gifta kawai, sai ka ga ƙafar wandonka kamar an barbaɗa garin yaji, kuma garin na motsi. Ƙafa shida gare su maimakon takwas, ƙanƙantarsu ta sa ko ƙaramar ƙugiyar da ta ɓata ba za ta kama su ba. Abin da ya yi mana aiki shi ne faffaɗan salatif na ɗaure kwali: a manna a ɗaga, su taho ɗari-ɗari, a naɗe a jefa a wuta. Wandon da aka fesa wa magani kuwa a nan ya sake nuna kansa, don a kansa ba sa nisa.

Ga wanda ya tambaye ni, ƙugiyar ka saya yau, ka sayi fakiti biyu, ka ɗaura mata jan zare tun a shago. Feshin in kana da hali, ko in za ka iya shawo kan mai gona ya biya, ka tanade shi don watan Yuni da Yuli da kuma lokacin kaka, ka tsaya a safa da ƙafar wando. Shagon kuma ka je da safe, in ka leƙa ba ka ga Dakta ba ka juya.

Makon jiya na koma don in ƙaro ƙugiya biyar. Ba ta nan, yaron ne. Ina cewa kaska ya ajiye waya ya ce, "Yallaɓai, na mutum ko na dabba?" Fakiti biyu suka rage, kuma an ƙara musu kuɗi. Na kwashe duka. Ɗaya na cikin akwatin magani a rumfar gona, ɗayan na kai wa Baffa, ya biya ni da kwalbar man shanu.